Sa'a Ta Fi Manyan Kaya? Amsa Ga Masu Wasan Dayis

Tambayoyin wannan mako duk daga wurin wasa suka fito. Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Ya ce: "Malam, muna buga wasan Risk a waya ni da abokina. Na tara sojoji masu yawa na kai wa ƙasarsa hari, shi kuwa 'yan ƙalilan gare shi, amma sai ga shi ya karkashe nawa. Yana dariya ya ce mini sa'a ta fi manyan kaya. Mene ne manyan kaya a nan, kuma gaskiya ce karin maganar ta faɗa?"

Ɗan samari, manyan kayan da ake nufi ba babbar riga da hula ba ne, ko da yake yau da ka ce "ya sa manyan kaya" can hankalin mutane ke tafiya. Kayan tsari ake nufi: layu da guraye da kambu, irin waɗanda ɗan dambe ko mafarauci ko mayaƙi ke ɗaurawa kafin ya fita fage. Bahaushe ya ga wanda ya sha ɗamara ya faɗi, wanda ya fito da 'yar shara ya tashi da nasara, shi ne ya yi wannan magana.

Ita kuwa sa'a daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta lokaci. Har gobe muna cewa sa'a biyu, sa'ad da, sa'an nan, kuma wanda aka haife ku lokaci guda shi ne sa'anka. Saboda haka mai sa'a shi ne wanda abu ya faɗo daidai lokacinsa. Dubi yadda muke cewa "ya taki sa'a", kamar wani abu ne yashe a hanya da ƙafa ta hau ba da niyya ba. Abin da ake takawa kuwa ana wuce shi.

To mu koma kan wasanku. Risk wani Bafaranshe mai shirya fim, Albert Lamorisse, ya ƙirƙiro shi, aka fitar da shi a 1957. Mai kai hari yana iya jefa dayis har uku, mai tsaron gida har biyu. Sai a gwada mafi girman lambar wannan da mafi girman ta wancan, ta biyu da ta biyu. Inda mutane da yawa ba sa lura shi ne idan aka yi kunnen doki, mai gida ne ya ci. In dayis ɗai-ɗai kuka jefa, hanyoyin da za su iya faɗuwa 36 ne: mai hari yana da 15, mai gida 21. In kuwa uku ne a kan biyu, a cikin jifa ɗari mai hari zai kashe soja biyu kamar sau 37, mai gida ya kashe biyu kamar sau 29, sauran kamar 34 kowa ya rasa ɗaya. Ka ga rinjayenka bai taka kara ya karya ba. Kusan sau uku cikin goma za ka yi asarar soja biyu ba ka taɓa nasa ba, kuma ba abin mamaki ba ne hakan ta faru sau biyu a jere.

Ni a ganina karin maganar ta yi gaskiya a kan jifa guda, ko karo guda. Amma wanda ya ɗauke ta a matsayin dabarar wasa zai sha kashi. Idan kuka buga wasa hamsin, ɗan rinjayen nan na 37 a kan 29 zai yi ta taruwa, kuma wanda ya san lokacin da zai dakatar da hari ya adana sojojinsa shi zai fi yawan ci. Ka kuma lura da masu faɗin maganar: bayan abu ya faru ake faɗinta, ko don tsokana ko don lallashi. Ban taɓa jin ɗan damben da ya kwance layunsa kafin shiga fage saboda ita ba.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi. Ta ce suna lido da ƙannenta, ta yi jifa biyar a jere siki, wato lamba shida, bai fito ba, 'ya'yanta duk suna cikin gida. Ƙanenta ya ce ta kwantar da hankalinta, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, yanzu dole ya fito tunda ya daɗe bai zo ba. Tana son sanin ko sa'a da rabo abu ɗaya ne.

Malama, ba ɗaya ba ne. Rabo daga raba yake, wato kason da aka ware maka, yana nan da sunanka ko ka gaggauta ko ka jinkirta. Kwaɗo ba ya hawa bishiya, don haka abincinsa a ƙasa zai same shi: abin da karin maganar ke nufi ke nan. Magana ce ta imani da ƙaddara, kuma a wurinta ba ni da ja. Inda ƙanenki ya kauce shi ne kalmar "dole". Dayis ba ya riƙe lissafin abin da ya wuce, ba ya jin kunyarki don ya hana ki sau biyar. Da dayis biyu, hanyoyin da aƙalla siki ɗaya zai fito 11 ne cikin 36, a jifan farko haka, a na shida ma haka. Jifa biyar a jere babu siki kuwa yana faruwa kamar sau 16 cikin ɗari, wato kusan mutum ɗaya cikin shida zai fara wasansa da irin zamanki. Ba a yi miki komai ba.

Wannan ruɗu ya daɗe yana cin masu jifa. A 1654 wani ɗan caca a Faransa, Chevalier de Méré, ya kai wa masanin lissafi Blaise Pascal tambayoyinsa kan dayis, Pascal ya shiga musayar wasiƙu da wani masanin lissafin, Pierre de Fermat, daga nan ilmin lissafin yiwuwa ya kafu. Ɗaya daga cikin abin da ake kawowa shi ne siki biyu tare: a jifa 24 damar ganinsa ko sau ɗaya ba ta kai rabi ba, sai a jifa 25 take ɗara rabi kaɗan.

Ga abin da zai amfane ki in 'ya'yanki sun fito. Idan dokar gidanku ta yarda a tafi da kowane dayis shi kaɗai ko a haɗa su, to kada ki ajiye ɗanki gida shida a gaban ɗan abokin wasa: hanyoyi 16 cikin 36 ne zai same ki. Matsa gida ɗaya kawai, ya zama bakwai, sai su koma 6. A gida goma sha biyu hanya ɗaya tak ta rage.

Wani kuma daga Kumasi ya tambaya a taƙaice ko dara ma wasan sa'a ce. A'a. Dara ramuka 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, kana jera uku ka ci na abokin wasa, kuma komai a fili yake ba a jefa komai. Wasan jifa na Hausawan dā shi ne cacar wuri, inda ake watsa wuri a duba nawa suka kife nawa suka buɗe. Lido ma daga irin wannan ta fito: wasan pachisi na Indiya da wuri ake jifarsa, kafin a sauya masa fasali a Ingila a 1896 a sa dayis.