Babu plugin ɗin kewar gida, yaro na

Jiya bayan mun rufe studiyo ka turo min saƙo kana tambaya wai me Turawan Nashville suke zubawa a waƙoƙin country ne, da har kai da baka taɓa taka Amurka ba kewar garinku ta kama ka, ka ce ko wani plugin ne, wato 'yar manhajar gyaran sauti a kwamfuta, na ɓoye maka. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Toh ɗauki album ɗin da ka ce kana ji, Revolution na Miranda Lambert, 2009. Waƙar da ta kama ka ɗin, The House That Built Me, ba ma ita ta rubuta ba, Tom Douglas da Allen Shamblin ne, don a can rubuta waƙa sana'a ce mai zaman kanta, mutum ya fita da safe kamar ma'aikacin banki ya zauna da abokin aikinsa su yi ta gyaran baiti ɗaya. Duba abin da ke ciki. Mace ce ta koma gidan da ta tashi, yanzu wasu ne a ciki, ta ƙwanƙwasa ta roƙi matar gidan ta bari ta ɗan leƙa. Ba ta tsaya cewa garinmu akwai daɗi ba, sai ta nuna shatin tafin hannunta na yarinta a kan matakalar ƙofa, da bishiyar da aka binne karenta a gindinta. Kai kuma kana ji sai ga dakalin ƙofar gidanku ya faɗo maka a rai, ko ba haka aka yi ba?

Yanzu sa hedifon ka sake ji da kunnen aiki. Kusan jita ce kawai ake tsinka a hankali, murya tana gaba sosai kamar tana zaune kusa da kai, an bar fili, ba a cika ko'ina da kiɗa ba. Kukan nan mai zamewa da kake ji a irin waɗannan waƙoƙin kuma pedal steel ce, jita ce a kwance kamar teburi, ana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin, ƙafa na taka feda gwiwa na tura liba, shi yasa sautin baya tsayawa wuri ɗaya. Kibod ɗinmu na kwaikwayonta amma kunne yana ganewa. Ni kam tun zamanin da Don Williams ke tashi a rediyon babanmu na san wannan sautin, ban san sunansa ba sai da na girma.

Gobe in yaron nan mai waƙar ƙauyensu ya zo, kafin ka kunna komai ka tambaye shi me ke ƙofar gidansu, rijiya ce ko darbejiya, ya sa shi a baiti. Sannan ka sassauta autotune ɗin nan mai daidaita murya da ka ƙure masa, ka rage eko, ka cire layi biyu na piyano. Ka ɗauki muryarsa sau uku ka ajiye min, in na dawo daga Azahar mu zaɓa tare.