Hukuncin Aikin Cin Tara a Titi Ƙarƙashin Kamfanin Kwangila

Tambaya: Malam, ina zaune a Ingila. Na samu aiki da wani kamfani da ƙaramar hukuma ta ba kwangilar cin tarar masu yar da shara ko guntun taba a titi. Bayan albashi, akwai lada ga wanda ya rubuta takardun tara da yawa. Shin kuɗin halal ne?

Amsa: Ɗan'uwa, asalin aikin babu laifi. Tsaftace hanya abu ne da shari'a ta nema, har Annabi (SAW) ya lissafa kawar da ƙazanta daga hanya cikin rassan imani. Kuma wanda ya shiga ƙasa da izini ya ɗauki alkawarin bin dokokinta matuƙar ba su umarci saɓo ba. Dokar 1990 ta kare muhalli ce ta ba ƙananan hukumomi ikon wannan tara, kuma tun 2023 tana iya kaiwa fam 500.

Malamai sun yi saɓani kan horo da dukiya, wato cin tara. Jumhuru, wato mafi yawansu, sun hana, amma Abu Yusuf da Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta, haka Ibn Farhun cikin Malikiyya. Wannan nake rinjayarwa, idan hukuma ce ta ƙayyade.

Inda gizo ke saƙa shi ne ladan nan. Abu Yusuf ya shawarci Halifa Haruna Rashid a littafinsa Kitabul Kharaj da kada ya ba 'yan kwangila karɓar haraji, domin ɗan kwangila ribarsa yake dubawa, talaka ya mutu ko ya yi rai. Illar nan ba ta tsufa ba. Wanda cin abincinsa ya rataya a kan yawan takardu zai riƙa laɓewa yana jiran tsohuwa ta yar da takarda bisa kuskure, ko ya tare baƙon da bai iya Turanci ba don ya san ba zai yi gardama ba. Ita kanta gwamnatin can ta ja kunnen hukumomi kada su mai da tara hanyar neman kuɗin shiga.

Saboda haka albashinka halal ne. Ladan yawan takardu kuwa ka guje shi, shubuha ce mai ƙarfi. Idan ka ci tarar wanda bai yi laifi ba, ko ka karɓi na goro don ka kau da kai, haram ne, kuma sai ka gyara ko ka biya mai haƙƙi. In suka ɗora maka adadin da ba ka iya cikawa sai da zalunci, ka ajiye aikin.

Wallahu a'alam.