Abu Ashara da aka mayar wa harsashin Jim

Ka ce mini, “Usta, tunda sakatar bindigar nan ta rufe a kan harsashin Jim lami lafiya, ga kuma 7.62 an buga a jikinta, me zai hana mu mayar wa mai ita ya tafi farautarsa?” Jawo kujera, ɗana. Rufewar sakata tana nuna harsashin ya shiga ne kawai. Ba ta faɗa maka ko ƙarfen zai jure idan ya tashi.

Abu Ashara, wato Lee-Enfield ta Ingila mai cin goma, an ƙera ta ne don harsashin .303. Na Jim (bindigar G3), 7.62x51, sai a 1954 ƙungiyar NATO ta karɓe shi, ɗan'uwansa na kasuwa kuma shi ne .308 Winchester na 1952. A ma'aunin CIP, hukumar gwajin bindigogi, iyakar matsin .303 bar 3,650 ne, na .308 kuwa 4,150. Ƙarin ya kusa kashi 14 cikin ɗari, kuma sabon bututu ba ya ɗauke shi, domin duk tunkuɗar da ke komowa baya a kan sakata da gidanta take sauka. Haƙoran da ke kulle sakatar Abu Ashara a baya suke, nesa da gindin harsashi, don haka a kowane harbi sakatar tana ɗan matsewa, gidan yana ɗan miƙewa. Da Ingilawa suka tashi mayar da tasu zuwa 7.62, samfurin No. 4 suka ɗauka mai gida mai kauri, suka sake gwada kowace da harsashin gwaji suka buga mata hatimi. Indiyawa ma a Ishapore sabuwa suka ƙera daga 1963, da ƙarfe mafi ƙarfi, suka kira ta 2A. Tsohuwar No. 1 Mk III da wani ya ɗaura wa bututu a rumfar kasuwa ba ta cikin wannan sahu, kuma ni ban yarda a harba ta da wannan harsashi ba ko sau ɗaya.

Haka Mauser, bindigar Jamus. Samfurin 98 yana da haƙori na uku na ko-ta-kwana, da manyan ramuka a sakata masu karkatar da iskar wuta idan kwanso ya fashe, shi ya sa waɗanda aka mayar 7.62 a masana'anta suka zauna lafiya. Na Sifen na 1893 da 1916 haƙora biyu ne kacal, kuma idan kwanso ya tsage iskar kan bi ta sakata ta nufi idon mai harbi. Wasu tsoffin ma ba a sauya musu bututu ba, ɗan zoben ƙarfe aka cusa a ɗakin harsashi don a gajarta shi. Zoben nan yakan biyo kwanso ya fito, mai bindiga bai sani ba ya sake ɗurawa.

Kada lambar da aka buga ta ruɗe ka. Harsashi uku ne a nan Sudan ake kira 7.62: na Kilash (Kalashnikov) mai tsawon kwanso milimita 39, na Jim mai 51, da na Rasha mai 54 mai leɓe a gindi. Kowa yana iya sayen ƙarfen buga lamba. Ka narka farar wuta ka zuba a ɗakin harsashi, ta daskare ka fitar ka auna, sannan ka tura ɗan dunƙulen darma mai laushi ta cikin bututu. Faɗin kan .303 inci 0.311 ne, na Jim 0.308. Awon nan shi zai gaya maka abin da aka yi wa bindigar.

Daga nan sai tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, a nan yawancin haɗarin yake. Ka cire mai fizgo kwanso da allura, ka goge ɗakin tas, ka sa geji, wato ƙarfen awo mai siffar kwanso, ka rufe sakata da kan yatsa kawai, kada ka danna. Na .308 uku ne: 1.630, 1.634 da 1.638 na inci. Dole ta rufe a kan na farko. Idan ta rufe a kan na ƙarshe, ba za a harba mata .308 na kasuwa ba. Tsakanin na farko da na ƙarshe bai wuce kaurin takarda biyu ba, amma ya isa: allura ta tura kwanso gaba, wuta ta manna gabansa a bango, gindinsa ya miƙe baya ya cike gibin, tagullar ta sirance har ta rabu biyu. Ɗakin bindigar soja an yi shi da ɗan sarari, kwanson soja kuma yana da kauri don ya jure hakan. Na kasuwa ya fi sirantaka, shi ya sa yake saurin tsinkewa a tsohon ɗaki.

Ka haska tocila inda haƙora ke zama. Idan ka ga sun yi wa gidan gurbi, ko farcenka ya kama wani tudu, ƙarfen ya fara ba da kai, kuma wannan ba ya gyaruwa. Duk gidan da ka ga alamar walda ko shuɗin wuta a kansa, taurinsa ya tafi. Tsohon harsashin soja yana barin gishiri a bututu, gishirin ya sha raɓar damina ya ci ƙarfen, don haka ka duba ramukan tsatsa, har ƙarƙashin katako inda ido ba ya kaiwa. Bindigar da ta daɗe a rataye a ɗakin gona wajen Gadarif ko Mai Wurno, ka leƙa bututunta daga baya, zanzaro yakan yi gini a ciki, kuma ɗan laka kaɗan ya isa ya kumbura bututu.

Wadda ta tsallake duk wannan, harbinta na farko ba a kafaɗa ba ne. Ka ɗaure ta a tsohuwar taya, ka danne da buhunan yashi, bakinta na kallon tudun ƙasa, ka ja kunama da doguwar igiya kana bayan katanga. Harsashin ya zama busasshe, domin mai a jikin kwanso yana hana shi kama bango, nauyin duka ya koma kan sakata. Kada kuma ya zama wanda ya wuni a rana cikin mota, zafi yana ƙara masa matsi. Bayan kowane harbi ka ɗauki kwanson ka juya shi a haske. Zobe mai ƙyalli dab da gindi, ko hular da allura ta daka ta baje ko ta huje, ko sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, kowanne ka gani ka tsaya nan.

Wannan ta gabanmu No. 1 Mk III ce, ga rubutun nan a zoben ƙota ƙarƙashin hannun sakata. Idan mai ita ya zo da lasisinsa, ka faɗa masa da girmamawa cewa ko dai a mayar mata da bututun .303 a sake auna ta, ko ta koma bango a rataye. Kafin nan ka cire allurar ka sa a leda, ka rubuta lambar bindigar a jiki.