Amsoshin Tambayoyi: Tabar da nake so a da ta juya mini baya

Tambaya: Na yi aiki a Legas shekara goma sha biyu, a can na koyi shan tabar siga, wato mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba zalla, babu takarda. Da na yi ritaya na dawo gida sai na bar ta, yau shekara tara ke nan. Kwanan baya wani tsohon abokin aiki ya kawo mini tsarabar Partagás, irin wadda nake so a da. Ko rabi ban sha ba jiri ya ɗebe ni, bakina ya yi ɗaci har washegari. Tabar ce ta lalace ko ni ne? Wace iri zan nema yanzu? Daga wani dattijo a Birnin Kebbi.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya fi ƙarfi a zatona kai ne ka canja, tabar tana nan yadda ka bar ta. Partagás ta ƙasar Kuba tana cikin masu ƙarfi, kuma lokacin da kake Legas jikinka ya saba da sinadarin nikotin. Shekara tara ta wanke wannan sabo. Harshe da hanci sun farfaɗo, abin da a da kake ji kamar ƙamshi yanzu yaji ne da ɗaci. Jirin nan, da gumi mai sanyi da tashin zuciya in sun biyo baya, nikotin ne ya yi wa jiki yawa, musamman in ba a ci abinci ba.

Kafin in shiga maganar zaɓi, akwai wadda ba zan iya haɗiyewa ba. Shekara tara ba taba dukiya ce, mutane da yawa suna nema ba su samu ba. Babbar tabar siga guda ɗaya tana ɗauke da taba giram 5 zuwa 20, alhali karan sigari bai wuce giram ɗaya ba. Masu cewa ai ba a zuƙa har huhu su sani nikotin ɗinta ta fatar baki yake shiga jini, kuma tana jawo sankarar baki, ta maƙogwaro da ta hanyar abinci. Malamai da yawa suna ganin shan taba haramun ne, wasu suka ce makaruhi. Da shawarata za ka bi, da ka ɗauki jirin nan a matsayin sallama. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, don Allah ka ga likita tukuna. Amma kai babba ne, ka yi tambaya, zan amsa maka tsakani da Allah.

Kuskuren masu komawa shi ne su sayi akwati guda na abin da suke so a da. Kada ka yi haka. Sayi ɗai-ɗai, uku ko huɗu, kowace daga kamfani dabam, ka bar kwanaki tsakaninsu. Ka ajiye ɗan littafi, ka rubuta sunanta da abin da ka ji a farko, a tsakiya da kuma ƙarshe, domin tabar siga tana ƙara nauyi yayin da wuta ke matsowa kusa da baki. Sulusin ƙarshe shi ne mai ɗaci, kuma ba dole ba ne a shanye shi.

Kada launi ya ruɗe ka. Mutane suna ganin baƙa su ce mai ƙarfi ce, fara kuma mai sauƙi. Ganyen waje yana ba da ƙamshi, amma ƙarfi daga ganyen ciki yake fitowa. Ganyen saman itacen taba, wanda ya fi shan rana, ana kiransa ligero, shi ne mai bugarwa. Na tsakiya, seco, shi ke ɗauke da ƙamshi, na ƙasa kuwa, volado, aikinsa ya sa wuta ta ci daidai. Don haka za ka iya samun baƙa, wadda ake kira maduro, mai ɗan zaƙi da taushi, ka samu mai haske da za ta zaunar da kai. Ga mai komawa, na Jamhuriyar Dominika masu ganyen waje mai haske da ake kira Connecticut, irin su Macanudo Café, su ne masu sauƙi. Na Estelí a Nikaraguwa, kamar Padrón, suna da yaji, a bar su tukuna. Akwai kuma ganyen naɗi na maƙwabciyarmu Kamaru, wanda kamfanin Arturo Fuente ke amfani da shi a kan tabarsa mai suna Hemingway. Siriri ne, yana da ɗan zaƙi, ƙarfinsa matsakaici.

Girma ma yana da nasa. Ana auna kauri da kashi 64 na inci, wato in an rubuta 50 ana nufin kashi 50 cikin 64. Ƙarama mai lamba 42 ta ishe ka, ba sai ka ɗauko wadda za ta cinye maka awa biyu ba.

Inda na fi zargin tsarabar abokinka, in har tana da nata laifin, shi ne ajiya. Wannan taba tana son laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyin da bai wuce digiri 21 ba. To, duba garinmu. A hunturu iska tana busar da leɓe har ya tsage, a watan Afrilu kuma zafi yana haura digiri 40. Na taɓa riƙe wadda ta kwana biyu a aljihun mota cikin hunturu: ina matsa ta a hankali ta yi ƙara, ganyen waje ya ɓare kamar ɓawon albasa. Irin wannan tana ci da sauri, hayaƙinta zafi da ɗaci kawai. Mai kyau in ka matsa ta za ta ɗan lotsa ta dawo. Duk wanda ya ga yadda mai goro ke kula da huhunsa, yana yayyafa ruwa yana juyawa, ya riga ya gane maganar. Robar abinci mai rufewa gam ta wadatar, a saka ƴar jakar laima irin ta Boveda mai lamba 65 ko 69, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Firji busar da ita yake yi. In ka ga ƙananan huji kamar na allura da gari a ƙasan robar, ƙwaron taba ne, zafi ke ƙyanƙyashe shi, sai a ware ta nan take kafin ya bi sauran.

Dokar taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A gida ma, hayaƙin yana taɓa Hajiya da jikoki kamar yadda yake taɓa ka, kada a kunna a ɗaki.

Tambaya: Wani ya tallata mini tabar siga mai suna Cohiba a akwati mai murfin gilashi, ya ce daga Kuba aka kawo, kuma da araha. Ina so in kai wa maigidana tsaraba. In saya? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka. Cohiba ta gaskiya, wadda aka fara yi a 1966, ba a sayar da ita a akwati mai murfin gilashi, wannan shi ne tambarin jabu da kowa ya sani a harkar. Tana cikin mafi tsada a duniya, araha kuwa ba ta ado. Akwatin gaske yana da hatimin gwamnatin Kuba mai lamba, ana iya duba lambar a shafin kamfanin Habanos na intanet. Jabun kuwa ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, sau da yawa sharar ganye ce da aka tattara daga ƙasa. In tsaraba kake nema daga Gusau, ka samo masa zuma mai kyau ko kwalbar turare, za su fi yi masa amfani.