Sarƙar tarkon koyoti: gajeriya a turke, doguwa da ƙugiya

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka ga masu ɗana wa koyoti tarko a Amurka, wani sarƙarsa ba ta wuce kamu ɗaya ba ya kafe ta da rodi a ƙasa, wani kuma ya saki sarƙa doguwa da ƙugiya a bakinta bai ɗaure ta a jikin komai ba. Kana tambaya wanne ya fi, kuma ko zai yi maganin dilan da ke ɗauke maka 'yan awaki. Na yi hunturu uku ina taya wani dattijo mai kiwon tumaki wannan aiki a jihar Wyoming, gab da lokacin haihuwar tumaki, to bari in faɗa maka abin da hannuna ya taɓa.

Koyoti dila ne da ya ƙoshi, galibi tsakanin kilo 10 da 20. In ƙarfe ya cafke masa ƙafa ba ya kwanciya. Zabura yake yi iya tsawon sarƙa, ya yi tsalle sama, ya faɗi ya yi ta birgima. Daga wannan hali nasa ake yin duk lissafin sarƙa, sauran kuma ƙasar wurin ce ke yanke hukunci.

In ƙasa mai riƙo ce, laka ko jan-gargari, turke ya fi sauƙi. Rodi mai tsawon inci 18 zuwa 24, sarƙa kuma kada ta wuce inci 12 zuwa 18. Gajartar ita ce sirrin. Dabbar ba ta samun filin ɗaukar gudu, balle ta fizgi turken da dukkan nauyinta. Ni sai da na sha wuya na gane. A hunturuna na farko na ga kamar tausayi ne in ba shi sarari, na sa sarƙa ƙafa huɗu a kan turke guda. Da safe na tarar da da'ira a ƙasa kamar an yi sussuka, ga rami a tsakiya, ba tarko ba rodi. Tsallen da yake yi sama shi ke zaro turken kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake girgiza turken akuya kafin a cire. Dattijon nan bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini gorar ruwa ya nuna sawu. Sai washegari da la'asar muka cim masa a wani kwazazzabo, ƙafar ta kumbura suntum. Har yau in na tuna ba na jin daɗi, don dabba ta tafi da ƙarfe a ƙafa ya fi a ce ba a kama ta ba muni.

Tun daga ranar rodi biyu nake bugawa a gicciye, kowanne ya karkata ya tokare ɗan'uwansa. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe kamar kan mashi mai waya a jiki, a tura shi cikin ƙasa da sanda, in aka ja wayar sai ya juya ya kwanta a gicciye. Ba shi da nauyin ɗauka kuma yana riƙo sosai, sai dai tono shi aiki ne.

Ƙugiya kuwa ta wurin da turke ba ya shiga ce, ko ba ya riƙo: ƙasar da sanyi ya daskarar ta zama kamar siminti, fako mai duwatsu, ko rairayi. A nan lissafin juyewa yake yi. Sarƙa ƙafa takwas, ni ma na fi son goma. Mutane suna ɗauka ƙugiyar ce ke tsayar da dabba, alhali rabin aikin sarƙar ce. Doguwar sarƙa tana kwanciya a ƙasa, haƙoran ƙugiya su riƙa kartar ƙasa, ita kuma ta nannaɗe a gindin ciyayi duk inda dabbar ta karya kwana. Gajeriya kuwa ɗaga ƙugiyar take yi sama, ta riƙa tsalle a bayansa kamar gwangwanin da yara suka ɗaura wa kare, ba ta kama komai. Shi ya sa tsaka-tsakin nan, ƙafa uku ko huɗu, ita ce mafi sharri: ta yi wa turke tsawo, ta yi wa ƙugiya gajarta.

Abin da nake so da ƙugiya, koyoti yana samun shiga duhuwa, da ya ɓuya sai hankalinsa ya ɗan kwanta ya rage kokawa. Reshe kuma yana lanƙwasa ya dawo, ba kamar rodi ba. Ga wurin da ka ɗana bai lalace ba, sai ka mayar da wani tarkon a nan. Amma fa sai da duhuwa kusa. Can akwai wani ɗan tsiro mai kama da sabararmu da ya cika daji, da wuya dabba ta wuce taku ɗari bai riƙe ta ba. A fili fetal kada ka kuskura. Kada kuma ka sa kusa da shingen waya, don in ya tsallaka sarƙar ta maƙale, rataye zai yi. Ƙugiyar ta zama mai haƙori biyu, na rodi mai kauri, mai nauyin da za ta bar zane a ƙasa, domin wannan zanen za ka bi. In ba ka iya bin sawu ba, tsaya a turke.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka yi rowar majuyi, wato ɗan ƙarfen nan da ke barin sarƙa ta juya ba ta murɗe ba. Uku nake sawa: ɗaya a gindin tarko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, saboda ciyawa da laka kan cushe ɗaya. In sarƙa ta murɗe ta zama sanda, ƙafar dabbar ce ke karyewa. Sarƙar kuma ta fito daga tsakiyar gindin tarkon, ba daga gefe ba, don jan ya zo a miƙe. Duk mahaɗin da aka matse da filaya, kai wa mai walda ya like bakinsa. Ɗan sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ya dawo, in an sa shi a tsakiyar sarƙa yana shanye fizga, musamman a turke.

Batun dilanka kuwa, bai kai koyoti ƙarfi ba, abin da ya riƙe wancan zai riƙe shi. Damuwata ba nan take ba. Can gonar dattijon nan sai ka wuni ba ka ga mutum ba. Mu kuwa dajinmu akwai shanun Fulani, karnukan farauta, awakin maƙwabta, da yara masu itace. Tarko bai san dila ba. Saboda haka a kusa da gari ni ba zan sa ƙugiya ba, gara turke a inda na san zan tarar da abin da ya kamu in sake shi in ba shi nake nema ba. Ka sanar da mai unguwa da makiyaya, ka kuma ji ta bakin ma'aikatan gandun daji kafin ka ɗana. Dokar Wyoming ta ba da awa 72 tsakanin dubawa, wasu jihohin awa 24, amma a ranar bazararmu dabba ba ta kai azahar a tarko, sai ka duba kullum da asuba. In kuwa sawun kura ka gani, ajiye wannan maganar gaba ɗaya, ba sa'ar irin wannan tarkon ba ce, gyaran garke da kare mai tsaro sun fi.

In wurinku jigawa ce rodi ba ya riƙo, ɗanyen gungume mai tsawon mutum yana maye gurbin ƙugiya, a ɗaura sarƙar wajen tsakiyarsa don ya tafi a gicciye yana maƙalewa. Faɗa mini irin ƙasarku, da nisan geza ko sabara daga inda yake shigowa, sai mu san tsawon da za ka yanko a wurin maƙeri.