Gane kafar labarai mai karkata lokacin zaɓe

Malam, tambayarka ita ce ta yaya za ka gane gidan rediyo ko jarida na goyon bayan wani ɗan takara, tunda kowa cewa yake shi gaskiya yake faɗa. Ɗauki labari ɗaya ka bi shi a kafafe biyu ko uku waɗanda ba mutum ɗaya ke da su ba, ka duba wa aka ba dama ya yi bayani, wa aka yi ta magana a kansa ba a ji ta bakinsa ba, kuma don Allah kar ka tsaya a kanun labari, sau da yawa kanun daban, abin da ke ciki daban.

Abin da na lura, yawancinsu ba ƙarya suke shararawa kai tsaye ba, ɓoyewa suke, laifin ɗan takararsu a ambace shi sau ɗaya a wuce, na abokin hamayya kuwa a yi ta nanatawa har ya zauna maka a kai. Amma fa sai ka nemo kafafen da kanka, in ka dogara da abin da Facebook ke turo maka to irin wanda ka saba dannawa zai yi ta kawo maka, kafa uku ɗin ma duk bakinsu ɗaya.