Alhaji, ɗauki na alminiyam ɗin, ga dalilina

Assalamu alaikum Alhaji. Na ga tambayarka kan jiragen ruwa biyu da aka yi maka tayi don fita shaƙatawa da iyali: na faiba (wani irin roba mai tauri) mai tsinin ciki da babban inji, da kuma na alminiyam mai shimfiɗaɗɗen ciki da ƙaramin injin Yamaha da ake ratayawa a baya. Ni da nake da irin na biyun, kuma na sha tuƙa irin na farkon a kogin Yamai, shawarata ka ɗauki na alminiyam.

Ka fara duba ruwan da muke da shi. Gulbin Maraɗi sai da damina yake gudu, to ina za ka sa jirgin in ba tafkin Madarumfa ba? Tafkin nan kuwa da rani ja da baya yake yi, bakinsa ya koma taɓo, ga tarun masunta ko'ina. Jirgi mai tsinin ciki an yi shi ne don ya keta igiyar ruwa mai zurfi. A wurinmu zai riƙa dukan ƙasa, farfela ta naɗe taru, injin ya zuƙi laka ta inda yake shan ruwan sanyaya kansa. Da ƴar robar famfon da ke jawo wannan ruwan ta cinye, inji ya ɗau zafi, an gama. Shi kuwa ƙaramin inji, in ka ga ruwa ya yi ƙasa sai ka ɗaga shi, ku ƙarasa da gora. In ya samu matsala, ka kwance shi ka sa a bayan mota ka kawo gari, ba sai ka jawo jirgin gaba ɗaya ba.

Ga rana. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana ƙoƙar da fentin faiba, ya tsattsage kujerun, sai fa in kana da rumfar ajiye shi. Alminiyam ba ruwansa, illa dai yana ƙuna a ƙafa, don haka ka shimfiɗa katako ko tabarma, ka sa a ɗinka maka rumfar tampol. Hajiya da yara inuwa suke so, ba gudu ba.

Gaskiya na faiban ya fi kyau da taushin zama, kuma da a Yamai kake zaune da ban hana ka ba.

Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne rigar ruwa, wato wadda ke hana nutsewa. Kowane yaro da tasa daidai jikinsa, a ɗaure tun kafin a hau, ba a ajiye ƙarƙashin kujera ba. Kada ka wuce adadin mutanen da aka rubuta a jikin jirgin, ko da dangi sun ji haushi. Igiyar kashe inji, wadda ke kashe shi in ka faɗa ruwa, ta kasance a wuyan hannunka. In hadari ya haɗo daga gabas, ku fito nan take, don shimfiɗaɗɗen jirgi ba ya son iska. Kuma kada a bar yara su yi wanka a ruwan kwance saboda tsargiya.

Kafin ka biya, a sa maka jirgin a ruwa, ka ga injin ya tashi da sanyinsa yana fitar da ruwa ta baya, ka leƙa ciki ko yana yoyo ta wajen ƙusoshin. Sannan ka je ka gaida masuntan wurin da ma'aikatan gandun daji, su nuna maka inda ake shimfiɗa taru da inda ya halatta ka bi.